Katangar Dir'iyya da Soron Inna

Ana kiran assalatu muka bar Zariya, ni da wasu mutum biyu da kasuwa ta kira su Riyad. Ni Inna ce ta aike ni in taho mata da Yayana, wanda ya daɗe a can yana aikin gini. Soron da marigayi Baba ya gina mata ya tsage tun daminar bara, ta ce kuma ba hannun da zai taɓa shi sai na wanda ya koya a wurin Baba. Kowa a gidan ya san soron hujja ce kawai. So take ta ga ɗanta tun idonta na gani.

Riyad ta tarbe mu da zafi kamar an buɗe murfin tukunya. Tituna shimfiɗa-shimfiɗa, ba rami, ba ɗan acaɓa. Da mai tasi ya faɗi kuɗinsa na fara juya riyal zuwa naira a raina, sai na bari don kada hawan jini ya kama ni a ƙasar mutane.

Yaya yana zaune a unguwar Al-Jaradiya, ɗaki biyu a saman bene. Matarsa ta tuƙa tuwo da kukar da na kawo, yaran suka ɗanɗana don kara, suka koma kan shinkafarsu ta kabsa. Babbar 'yarsa sunan Inna ta ci, shi ya sa ake kiranta Ummi. Muka kira Inna a waya, ta shiga tsokanar takwararta irin ta kaka da jika. Yarinyar tana ta murmushi, tana kallon ubanta ya fassara mata da Larabci. Abin ya sosa mini rai.

Washegari ya kai ni Dir'iyya, wani tsohon gari a gefen Riyad, inda yake aiki. Katangun ƙasa ne masu kauri, da ƙananan tagogi da indararo, sai ka rantse cikin birnin Zazzau kake. Na tsaya ina kallon Yaya yana yaɓe da tafin hannu, yana jan shi sama a karkace yadda Baba ke yi. Baƙi na wucewa suna ɗaukar hoto.

Ni malamin lissafi ne, kuma kullum nakan gaya wa ɗalibai kama iri-iri ce. Akwai ta ido, wadda ba ta wuce a ce wane ya yi kama da wane ba. Akwai homomofizim: ka kai abubuwan wannan gida wancan, duk biyun da ke da alaƙa a nan su riƙe ta a can, amma ba dole a samu hanyar komowa ba. Sai aisomofizim, inda ake zuwa a dawo ba a rasa komai ba, gida biyu tsari ɗaya. Da na ga hannun Yaya a jikin katangar nan, na ɗauka zamansa irin na ƙarshen ne.

Da aka tashi cin abinci muka zauna a inuwa da gurasa da shayi, na isar da saƙon Inna. Ya daɗe yana juya kofi. Ya ce iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta kusa ƙarewa, kafil ɗinsa, ubangidan da ya tsaya masa, kuma bai yi alkawarin sabuntawa ba idan ya tafi. A gida kowa ya koma bulo da siminti, wa zai kira maginin ƙasa?

"Malam, in na fita, na fita ke nan. In kai yaran nan ina? Ko 'ina kwana' ba su iya ba."

"To, Yaya, Inna fa?"

Sai ya ce in nemi makubar yaɓe, in sa a cike tsagar kafin ruwa ya sauko, ya miƙe ya koma bakin aiki. Ban sake tayar da maganar ba har na bar garin.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba daɗi. Yaya ya kai komai can, sana'ar Baba, sunan Inna, har tuwo, amma hanyar tasa mai zuwa ce kawai. Na daina sa rai zai dawo.

Na iso gida da la'asar. Inna tana bakin zaure, ta leƙa bayana kafin ta dubi fuskata. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta yi mini sannu da hanya, ta juya ta ce wa matata, wadda ta jera kwanon abinci biyu, nawa da na Yaya:

"Ɗauke kwano ɗaya, ki kai wa maƙwabta."