Waƙar Kawu da Na Saki a Gari

Assalamu alaikum Edita. Lokacin da wannan abu ya faru ni malamin firamare ne, ɗan Safana da aka tura aiki Batsari, mai ji da kansa a harkar waya. Duk malamin da wayarsa ta rikice ni yake nema, kaina ya yi ta kumbura har na ɗauka babu abu mai batir da zai gagare ni. Shekarun nan ne da 'yan bindiga suka hana ƙauyukanmu sakat, noma sai da faɗuwar gaba, mai abin hannu kuma ya koyi ɓoye shi.

Abin da ya kai ni kasuwar Batsari ran nan 'yar rediyo ce mai memori, wadda zan rataya a babur ta ɗebe mini kewar hanya. Mai gyaran wayar da nake ciniki wurinsa ya baje mini iri-iri, mai tocila, mai bulutut, har da mai cajin rana. Ina cikin jujjuya su na ji ganga tana tashi daga wata 'yar baƙa mummuna da ke ƙarƙashin teburinsa. Muryar wani tsohon makaɗin noma ce na wajen Wagini, wanda tun ina yaro nake bin sa wurin gayya. Mutumin nan in ya taɓa ganga, rago ma sai ya nemi fartanya. Ba ya ƙarya a waƙa. Sai ya ga rumbun manomi da idonsa kafin ya ambace shi, shi ya sa mutanenmu suke ɗaukar shiga bakinsa kamar naɗin sarauta. Can sai ga sunan kawuna, ƙanin mahaifiyata: garinsu, shanun huɗarsa, rumbunansa uku na bayan gida, har damman geron da ya ɗaure. Nan take na ture sauran rediyoyin gefe.

Mai shagon ya ce don dai kawuna yana ciki ne zai sayar mini, domin tsohon ya kafa sharaɗi kada a bai wa kowa sai wanda aka ambata ko jininsa. An liƙe memorin da gam, an kuma kulle waƙoƙin yadda ko an ciro shi ba zai yi magana a wata na'ura ba. Ya ja mini kunne kada in tura wa kowa. Na ce to, amma a zuci dariya nake, ina cewa tsoho ya waye, so yake kowa ya sayi tasa.

Sati guda na yi ina fama da makullin nan, ya ƙi ni. Abin ya taɓa mini girman kai. Wata rana da aka fita hutun tara na shige ofis na rufe ƙofa, na kara wayata a bakin rediyon na ɗauki waƙar tun daga farko, har ƙararrawar komawa aji ta shiga ciki. Na tura wa malamai biyu don su san an isa. Kafin wata ya ƙare na ji ta wurin mai shayi a tashar Safana, na ji ta a wayoyin 'yan achaɓa, da ƙararrawata da komai. Wallahi daɗi na ji.

Ana gab da girbi aka kira kawu da baƙuwar lamba. Mai maganar bai yi dogon bayani ba, baitin kawu ya rera masa, ya lissafo shanun da rumbunan, ya ce suna nan tafe. Kwana biyu tsakani kawu ya karyar da shanunsa, ya bar gero tsaye a gona, ya kwaso iyali zuwa ɗakin haya a Batsari. Mutumin da ke ciyar da unguwa ya koma awo da tiya.

Tsohon makaɗin ya zo har makaranta ya same ni. Ya gaishe ni gaisuwar mutunci, ya tambayi mahaifiyata, sannan ya ce ƙararrawar nan tawa ba ta bi kiɗa ba. Na rasa inda zan sa kaina. Ya ce da farko ƙin ɗaukar waƙar ya yi, manoman ne suka roƙe shi, tunda gayya ta gagara, su riƙa jin ta a ɗakunansu. Shi ya sa aka kulle ta, domin waƙar da ta ƙirga dukiyar mutum a wannan zamani jagora ce ga ɓarawo. Na ce zan je in faɗa wa kawu. Ya hana ni, ya ce shi ya ƙirga rumbunan da bakinsa, kuma wanda ya rasa shanu bai kamata ya haɗa da rasa ɗan 'yar'uwarsa ba. Gida gida ya bi duk wanda ya ambata yana ba da haƙuri, ya rataye gangarsa, bai taɓa kiran sunana ba. Ban taɓa ganin dattijo irinsa ba, kuma ban taɓa jin na ƙasƙanta kamar lokacin ba.

Damina biyu kawu ba ya amsa sallamar tsohon, ni kuwa kullum na je gaishe shi sai ya sa mini albarka. Ranar da aka ce tsohon ya rasu, kawu ya ce ba za shi gaisuwa ba. A nan na durƙusa na faɗa masa komai. Sai ya ɗauki hularsa ya ce in tayar da babur.

Na koyi cewa iya buɗe abu daban, sanin dalilin rufe shi daban. 'Yan'uwa masu tura waƙa da murya da hoto, kafin ku danna ku tambayi kanku sunan wa ke ciki, kuma kunnen wa zai kai. Kawu ya yafe mini a kan hanya, kafin mu isa. Wanda ya ɗaukar mini laifin kuwa, ƙofar gidansa kawai muka samu, cike da masu zaman makoki. Allah Ya jiƙansa.