Ranar da Malam Hudu Ya Riga Ni Tsame Hannu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malam Hudu ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni a bakin get ɗin kamfaninmu na Sharaɗa. Ko kafe keke ban yi ba Bitrus mai gadi ya riƙe min kan keken ya ce, "Sani, sai haƙuri fa. Babanka na boila ya tafi da asuba."

Na ce wane baba? Alhali na sani.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Hudu shi ne mai kula da boila, wato babbar tukunyar tururi, a kamfanin biskit ɗin da nake aiki. Dattijo ne siriri mai farin gemu, asalinsa mutumin Jigawa ne, amma ya daɗe zaune a Panshekara. Ba mu haɗa jini ba. Kwano muka haɗa.

Waɗanda suka san ni tun da, sun san sunan da ake kirana da shi a ɓangaren shirya kaya: Sani Tirela. Ban taɓa tuƙa ko adaidaita ba, ƙiba ce ta jawo min sunan. Idan na shigo lungun injina sai wani ya koma da baya ya ba ni hanya, yara suna ta yi min hon da baki.

Ni ma dariya nake yi. To me zan yi?

Yadda nake cin abinci a lokacin, ko ni in na tuna sai na riƙe baki. Da safe shayi mai kauri da burodi da ƙwai. A wurin aiki kuma akwai bahon da ake zuba biskit ɗin da ya kakkarye, yana nan kusa da hannuna na dama, kuma hannun nan ba ya neman izinina. In aka busa jiniyar birek, wato hutun cin abinci, taliya da mai da yaji, a ɗora lemon kwalba mai sanyi a kai. Ba tauna muke yi ba, haɗiya ce kawai, don kar jiniya ta sake busawa da saura a faranti.

Mahaifina ciwon suga ne ajalinsa. Kafin ya rasu sai da aka yanke masa ƙafa. Har yau ina ganin takalminsa wari ɗaya a ƙofar ɗaki, Inna tana kawar da shi in za ta yi shara tana mayarwa.

Wasu baƙin ciki yana toshe musu ciki. Ni buɗe nawa yake yi. Bayan rasuwar Baba na fi kowane lokaci ci, na fi kowane lokaci ƙiba.

Ranar da nas ɗin kilinik ɗin kamfani ta gwada jinina ta ce, "Sani, ba ka shiga ba tukuna, amma kana bakin ƙofa," ba fuskarta na gani ba. Takalmin nan na gani.

Tsoro ya kama ni, na bazama neman mafita. Na sayi shayin rage ƙiba a wurin masu motar lasifika, na wuni ina zarya tsakanin inji da banɗaki har sufabaiza ya fara harara ta. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Na watsar da shi na koma hana kaina abinci gaba ɗaya. In wuni da yunwa ina ganin biyu-biyu, in na koma gida kuma in rama har da riba. Maiɗakina Hauwa ta rasa ko ta tausaya min ko ta yi dariya.

A irin wannan hali Malam Hudu ya same ni. An fita birek, na laɓe a benci ƙarƙashin dalbejiyar bayan boila don kar in ji ƙamshin taliya. Ashe wurin zamansa ne. Ya zo da kwanonsa na samira ɗaure a tsumma, ya dube ni sama da ƙasa.

"Azumi kake, ɗan nan?"

"A'a Malam, dayet nake."

"Mene ne kuma shi?"

"Mutum ya hana kansa abinci don ya rame."

Ya shiga kwance tsumman. Sai ya ce, "Yo laifin me cikin ya yi maka da za ka ɗaure shi ba shari'a? Wanko hannu."

Dambu ne da zogale, ganyen ya kusa fin tsakin yawa, ga ƙuli-ƙuli da albasa da ɗan mai kaɗan. A raina na ce wannan ai loma huɗu ne, sai dai Malam ya yi haƙuri.

Sai dai na manta da abu ɗaya.

Kun san yadda aka rene mu. In kana ci da babba, kai ne mai riƙe bakin kwano da hannun hagu. Ba ka riga shi sa hannu, ba ka tsallaka gabansa, ba ka yin loma biyu kafin ya yi ɗaya. Abin da ke sanyaya wa yaro rai shi ne ya san babba zai tsame hannu da wuri ya bar masa sauran ya suɗe.

To wannan nake jira.

Malam Hudu ya yi bisimilla ya ɗebo 'yar loma kamar ta mai ciwon haƙori. Ya tauna, ya tauna. Ya tambaye ni garinmu. Ya kurɓi ruwa. Ya ba ni labarin yadda Sharaɗa take lokacin da ya zo, gonaki sun fi gine-gine yawa. Ni kuwa ina riƙe da kwano, yawuna ya tsinke, kunya ta ɗaure min hannu. In ya kai ɗaya in kai ɗaya.

Ina ta satar kallon hannunsa, yanzu zai tsame, yanzu zai tsame.

Har aka busa jiniya hannun nan yana cikin kwano.

Ya mayar da murfi ya ce, "Sauran na la'asar ne." Na tashi da haushinsa, ba zan ɓoye muku ba. Na ce wannan wane irin dattijo ne da bai san a bar wa yaro ba? Sai da na koma bakin aiki na lura da wani abu: ba na jin yunwa. Ba na kuma jin nauyin nan da ke sa ni gyangyaɗi a tsaye bayan azahar.

Washegari ya leƙo ta taga ya ce, "Ka zo da naka mu haɗa, cin mutum ɗaya ba albarka."

Haka muka fara. Shekaru muka yi a bencin nan.

Bai taɓa ce min kar ka ci kaza ba. Ranar da na kawo taliya ya ci, ya ce ta yi daɗi, ya kwance ledar yankakken kabeji da tumatir ya juye mana a kai. Ranar da na zo da lemon kwalba ya ce in zuba masa rabi, shi ma yana so. Daga baya na gano ba ya ma shan sa, ajiyewa yake ƙarƙashin benci har ya huce.

Biskit ma bai hana ni ba. Yalo kawai yake cusa min a aljihu in za mu rabu, wani lokaci gyaɗa. Ya ce, "Hannunka ya saba tafiya, ba shi wurin zuwa."

Wata rana wake da alayyahu, wata rana kwaɗon rama, wata rana faten tsaki da yakuwa ko tuwon dawa miyar kuka. Abincin da muka taso da shi ne, wanda muka raina da muka shigo birni muka fara karɓar albashi. Hauwa da kanta ta je Panshekara wurin matarsa ta ga yadda take turara dambunta. Yanzu har zogale gare mu a bayan ɗaki.

Keken nan ma da nake hawa shi ya ja ni. Cewa ya yi tafiya ita kaɗai ba daɗi, in raka shi. Ranar farko kafin mu kai kwanar Chalawa na sauka na zauna a bakin titi ina haki kamar an biyo ni. Ya tsaya yana jira na, bai yi dariya ba sai da ya ga na fara.

Ban san ranar da ƙibar ta tafi ba. Ba ta yi sallama ba. Na dai ga tela ya rage min yunifom, na ga na zauna tahiya ba tare da na miƙe ƙafa ɗaya ba, na ga sababbin ma'aikata suna tambaya wai me ya sa ake ce min Tirela. Da na koma kilinik nas ta gwada ta ce in ci gaba da duk abin da nake yi, in kuma riƙa zuwa ana dubawa. Na gaya wa Malam ina murna. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ka riƙa zuwa ɗin kuwa. Wanko hannu."

Amma tsoron bai bar ni ba. Ni na san kaina. Na san kunyar Malam ce take riƙe min hannu, kuma na sha tambayar kaina, ranar da babu shi fa?

Kwanakin baya jiki ya hana shi fitowa aiki. Ranar Lahadin nan da ta wuce na hau keke na je duba shi. Na same shi a zaure kan tabarma, an jingina shi da filo. Ya faɗa sosai, amma bakin nan yana nan.

"A'a, Tirela! Yau an sauke kaya ke nan?"

Aka kawo dambu daga cikin gida, a kwanon nan dai na samira. Na riƙe bakin kwanon kamar kullum. Ya yi bisimilla, ya kai loma ɗaya, ya kai ta biyu da ƙyar.

Sai ya tsame hannu.

Na tsaya ina kallonsa. Na ce, "Malam, yau kuma ku ne da tsame hannu?"

Ya yi murmushi ya ce, "Kana tsammanin ban san al'ada ba ne? Na sani sarai. Haƙƙinka ne na daɗe ina danne maka, kana ta harara ta ta ƙasan ido, ina ganinka. To ga shi nan na ba ka. Ci, ina kallo."

Kwano cike, ba mai tsare ni. Na ci a hankali muna hira, ya tambayi boila, ya tambayi Bitrus da ciwon bayansa, ya tambayi zogalen Hauwa. Can na ji ya ishe ni. Na janye hannu na jawo murfi.

Ya ce in miƙo masa. Ya leƙa ciki ya ga saura, ya yi 'yar dariyar nan tasa har tari ya sarƙe shi.

Ya ce, "To madalla. Je ka, na sallame ka."

Na ɗauka sallamar ranar ce kawai. Na ce sai na dawo wani satin.

Da hantsin nan muka kai shi makwancinsa. Jama'a ta taru, 'yan Sharaɗa, 'yan Chalawa, har da waɗanda suka yi aiki da shi a Bompai tun ina yaro. Bitrus da sauran abokan aikinmu Kiristoci suna tsaye daga gefe har aka gama. A nan na ji ashe ba ni kaɗai ba ne na taɓa riƙe bakin kwanon nan.

Mun dawo kamfani daidai ana busa jiniyar birek. Ƙafata ce ta kai ni ƙarƙashin dalbejiya. Na buɗe kular da Hauwa ta haɗo min tun safe, na mutum biyu ne, don har yanzu hannunta bai saba zuba na mutum ɗaya ba.

Na gaya muku ni baƙin ciki ci yake sa ni. Wallahi loma ukun farko ban san na haɗiye su ba. Tsohon Tirela ya dawo da ƙarfinsa, ga abinci har na biyu, ga ba wanda zan ji wa kunya.

Sai na ga hannuna na hagu. Yana riƙe da bakin kula, kamar akwai babba a gabana.

A nan kukan da ban yi a maƙabarta ba ya zo.

Da na natsu na sha ruwa, na sake bisimilla. Na ci irin cinsa, 'yar loma, a tauna, a huta. Da ya ishe ni na mayar da murfi. Jiniya ba ta busa ba tukuna.

Sauran na la'asar ne, Malam.

Ya Allah, bawanKa Hudu ya ciyar da ni bai taɓa goranta min ba, ya gyara ni bai taɓa kunyata ni ba. Allah Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka ciyar da shi daga abincin Aljanna. Allah Ka ba iyalinsa haƙuri da dangana. Ka jiƙan mahaifina da dukkan magabatanmu, mu kuma Ka kyautata namu zuwan.

Don Allah duk wanda ya karanta wannan, in an ajiye maka kwano yau, kafin ka sa hannu ka ɗan dakata ka ce Allah Ya jiƙan Malam Hudu mai boila.