Hauyar mahaifina a bakin titi

Har yau in na ji ƙarar guduma a maƙera gab da damina, zama ba ya yiwuwa gare ni. Sai in tashi in yi ta kai-kawo, jikokina na dariya.

Ina goye mahaifina ya tafi yaƙin basasa. Bai dawo ba, gawarsa ma ba ta zo ba. Kakata, wadda ta raine ni a ƙauyenmu tsakanin Bodinga da Shagari, ta ƙi yarda ya mutu. Duk shekara sai ta ba ni hauyarsa in kai maƙera a koɗa, a mayar bayan gadonta. Duk motar da ta tsaya bakin titi kuma, ko tuwo nake tuƙawa, sai ta ce in je in duba. Na gaji, wallahi na gaji, har na riƙa jin haushin mutumin da ban san fuskarsa ba.

A shekarar zaɓe ta biyu na mulkin farar hula, gero ya yi tsada, 'yan siyasa kuwa kullum suna kan hanya. Baffana, ƙanen mahaifina, wanda ya dawo daga yaƙin da ƙafa ɗaya, ya bi gida gida yana karɓar hauyoyin waɗanda ba su dawo ba. Ya kafa su jere a bakin titi, kowace da hular mai ita, don manya su gani su tuna. Liman ya yi gunaguni, ya ce abin ya yi kama da gumaka. Baffa bai kula shi ba. Ya bar gurbi ɗaya a tsakiya, ya zo wurin Kaka.

"Inna, ki ba ni hauyar Yaya."

"Ta matattu kaka tarawa. Ɗana shina nan tahe. Tashi ka ba ni wuri."

Ranar da ayarin 'yan siyasa zai wuce, Kaka ta shiga maƙwabta barka. Na ɗauko hauyar da hularsa, na kai, na kafa da hannuna.

Motocin suka wuce a guje, ko gilashi ba a sauke ba. Muna tsaye sai ga Kaka. Na zaci duka zan sha. Ta daɗe tana duban hular, sannan ta gyara mata zama.

"Ke kika bizne shi, ɗiyata," ta ce. "To, a kira Liman."

Ranar aka yi masa addu'a, aka raba sadakar masa. Ta yi kukan da ta riƙe shekara da shekaru, ni kuma na rasa inda zan sa kaina. Har gobe ban sani ba ko sauƙi na kawo mata ko ƙwace na yi mata.

Yanzu gidan mai aka gina a wurin, da siminti da fitilu. In jikokina suka tambayi kabarin kakan iyayensu, can nake kai su. Mu tsaya gefen famfon fetur mu ɗaga hannu, direbobi na yi mana oda mu kauce.