Bazarar da Kaka Ta Yi a Ɗakin Kwano

Ranar wata Juma'a a ƙarshen watan Janairun 1982, bayan an sauko daga masallaci, aka kwashe kayan kakata daga tsohon soronta zuwa sabon ɗakin da mahaifina ya gina mata a gidanmu na Unguwar Kanawa. Ina ɗan shekara goma sha biyu, kuma ni aka ɗora wa akwatinta na ƙarfe a ka. Ɗakin na bulo da siminti ne, an shafa masa shuɗin fenti har rabin bango, an rufa shi da sabon kwano mai ƙyalli wanda idan rana ta doke shi sai mutum ya kare idonsa da hannu. Matan unguwa suka cika tsakar gida, wannan ta shafa bango, waccan ta leƙa taga, ana ta addu'ar Allah Ya ba kowace uwa ɗa irin wannan. Kaka tana zaune a bakin gadon ƙarfe, ta lulluɓa da mayafi, duk wanda ya san ta ya ga yadda take gyara zama. Lokacin ɗari ne, ɗumin da kwanon yake saukarwa da rana yana yi wa tsofaffin ƙasusuwa daɗi. Babu wanda ya tuna cewa bazara tana tafe.

Wajibi ne in bayyana wa mai karatu na yau wata al'ada da ta soma ɓacewa. Baba shi ne ɗan farin Kaka, don haka tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. Idan magana ta kama, sai ta dubi wanda yake kusa ta faɗa masa, shi kuma Baba ya tsinta. Shi ma ba ya shiga ɗakinta. Da asuba yakan tsuguna a bakin ƙofa ya gaishe ta, ya hau kekensa zuwa Babbar Kasuwa inda yake sayar da yadi, ba ya dawowa sai an yi magariba, ya sake tsugunawa a bakin ƙofar. Ni kuwa sunan marigayi mijinta aka sa mini, saboda haka Maigidana take kirana, a ɗakinta nake kwana, kuma ni kaɗai nake da ikon tsokanarta. Ba na dawowa daga makaranta ba ta tare ni da cewa, “Maigidana, yau ma haka ka dawo hannu rabbana, ba cefane?”

Tsohon soron kakana ne ya gina shi da tubali lokacin da ya zo daga Kano. Kaurin bangonsa ya fi kamu guda, rufinsa azara ce da ƙasa, tagarsa ƙarama ce can sama kusa da rufi, ƙasansa daɓe, da randa da aka binne gindinta cikin yashi a bayan ƙofa. Komai tsananin rana, wanda ya shiga sai ya ji kamar ya sauka rijiya. Amma ba zan zalunci Baba ba, soron yana da wahalarsa. Kowace shekara sai an yi masa yaɓe kafin ruwa ya sauka, a gyara indararo, a yi yaƙi da gara, ga kuma maƙwabta duk sun koma kwano, har ana kwatance da gidanmu ana cewa gidan da ke da ɗakin ƙasa. Saboda haka ya ƙudura rushe shi kafin damina ya ƙara ɗakuna biyu na bulo a wurin. Ya tara buhunan siminti a ciki, ya sa kwaɗo, ya jefa mabuɗin a aljihunsa. Bishiyar mangwaron da ke tsakar gida kuwa tun wurin haƙa harsashin sabon ɗaki aka sare ta.

Da watan Maris ya raba, sai ɗakin Kaka ya nuna halinsa. Ba a yi masa silin ba, tagarsa ɗaya ce kuma yamma take kallo. Tun da hantsi kwanon yakan fara ƙara, ƙas, ƙas, kamar ana jifansa da tsakuwa, kafin azahar kuwa zafi ya sauko ya danne mutum. Man shanun da Kaka take ajiyewa a ƙwarya ya narke ya zama ruwa, goronta ya bushe a cikin ganye, kyandir ɗin da ke kan taga ya lanƙwashe ya sunkuyar da kai. Bangon yakan sha rana wuni guda, ya yi ta amayar da ita har bayan lisha. Ni ina da mafita. Da safe ina makaranta, inda malamanmu kan fitar da mu ƙarƙashin itatuwa idan aji ya ɗau zafi, da yamma in yanko wa tumaki ciyawa a bakin rafi, in ɗebo ruwa a famfon unguwa, in saci jiki in buga ƙwallon tsumma ko in yi langa da abokaina. Kaka ba ta da inda za ta. Tsakar gida babu inuwa, zaure na maza ne, soro yana kulle. Ga kuma mata ba su daina zuwa ganin ɗaki ba, ita kuwa ta gwammace komai da a tarar da ita a waje a ce ta raina abin da ɗanta ya yi mata.

Inna, wato mahaifiyata, ita ce ta fi kowa shiga tsaka mai wuya. Tana gani Kaka ta rage cin abinci, ƙurajen zafi sun feso mata a wuya da baya, idan ta tashi alwala sai ta dafa bango. Amma da Inna za ta buɗe baki ta ce a mayar da surukarta tsohon ɗaki, kafin rana ta faɗi unguwa ta ɗauka cewa ita take kwaɗayin sabon. Sai ta koma dabara. Ta jiƙa buhu ta rataye a taga, tana yayyafa ruwa a siminti, tana sa ni in hau tsani in watsa bokiti a kan kwano, ruwan ya yi cuu ya tashi kamar an zuba shi a tanda. Wata rana muka shimfiɗa tsofaffin zana a kan rufin, aka kuwa sami sauƙi, amma da Baba ya hango su daga bakin titi ya sa aka sauke, ya ce ba zai kashe ƙarfinsa a kan kwano a mayar masa da shi bukkar gona ba. Da Inna ta yi masa shaguɓen cewa bana zafi ya yi yawa, washegari sai ga shi da fanka a bayan keke. Aka ja waya, fanka ta yi ta juyawa dare da rana, faifan mitar wutar da ke zaure yana gudu kamar ana korarsa, amma iskar da take kaɗawa ta cikin ɗakin ce, mai zafi. Ga shi kuma an fi ɗauke wuta da tsakar rana. Baba bai san wannan ba. Shi dai da asuba yake ganin ɗakin, lokacin da kwano ya huce, idan ya tambaya kuma amsa ɗaya yake ji an ba ni: “Maigidana, ka ce lafiya lau, Allah Ya yi albarka.”

A shekarun nan ana yawan maganar sanƙarau idan zafi ya tsananta, don haka ranar da Kaka ta ce kanta yana sarawa, na ga Inna ta ajiye muciya ta shiga madafa ta daɗe ba ta fito ba. A makon nan ne Baba ya sanar cewa ranar Asabar leburori za su zo rushe soro.

Suka zo da diga da shebur, aka kwashe siminti zuwa zaure. A karo na farko a iya sanina Baba bai fita kasuwa ba, ya tsaya a kan aikin. Daga rawanin soron suka fara, ta kusurwar gabas, ƙasar kuwa ta yi tauri kamar dutse, sai an yi ta sara kafin ɓangare ya faɗo. Tun hantsi babu wuta. Bayan azahar Inna ta ba ni kofin ruwa in kai wa Kaka, na tarar ta sauko daga gado ta kwanta a tabarma, leɓunanta sun tsage, jikinta zafi rau amma babu ko ɗigon gumi. Ba ta tambaye ni cefane ba. Na kira ta har sau da yawa kafin ta buɗe ido, ta kasa kunne ga ƙarar diga, ta tambaye ni me ake sara. Na faɗa mata. Sai ta ce in ta da ita zaune, in miƙo mata carbi.

“Maigidana, masu gidan nan suna kusa?”

Na gane Baba take nufi, na ce yana tsakar gida.

“To ka ce ina gayyatar baƙo. Ya shigo ya zauna a tabarmata har in gama jan carbin nan. Ba ni da goron ba shi, ya yi haƙuri.”

Na fita na isar da saƙon a gaban leburori. Baba ya dube ni kamar bai fahimta ba, ya dubi Inna, ta sunkuyar da kai. Ya tuɓe takalmansa, ya yi sallama, ya tsallaka dokin ƙofar da bai taɓa tsallakawa ba, ya zauna a gefen tabarma ya ba mahaifiyarsa baya. A waje diga tana ci gaba, a ciki kwano yana ƙas, ƙas, ƙwayoyin carbi suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, kowace ta fi ta gabanta jinkiri. Na ga gumi ya tsattsafo a ƙeyar Baba, ya gangara, bayan jamfarsa ya jiƙe ya manne. Ya cire hula. Ya kai tafin hannu ga bango, ya janye da sauri. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon kwanon da ya yi alfahari da shi. Sai muka ji carbi ya faɗi a siminti.

“Je ka ce su dakata,” in ji shi, ko juyowa bai yi ba.

Kafin in dawo ya sungumi Kaka a hannuwansa, mutumin da rabonsa da taɓa ko yatsanta tun yana goye. Ya ratsa tsakar gida babu takalmi, ya shiga soron da aka riga aka huda wa kusurwa, ya shimfiɗa ta a kan daɓe. Inna ta jiƙa zane ta lulluɓa mata, tana yi mata fifita, aka aike ni da gudu in kira wani maƙwabcinmu ma'aikacin asibiti. Ya zo ya lanƙwasa wuyanta, ya ce ba sanƙarau ba ne, zafi ne ya buge ta, a riƙa ɗiga mata ruwa da cokali idan ta iya haɗiya, idan kuma ba ta farfaɗo ba kafin la'asar a nemo mota. Leburori suka jingine diga suka zauna a gindin katanga. Baba yana tsugune a bakin ƙofa, inda ya saba, hularsa a hannu. Ban taɓa ganin rana ta ƙi tafiya irin ta wannan yini ba. Ladan ya gyara murya ke nan Kaka ta motsa, ta haɗiyi ruwa, ta buɗe ido ta yi ta kallon hasken da ke shigowa ta inda aka fasa.

“Maigidana,” ta ce, da ƙyar ake jin ta, “wane marar aikin yi ne ya fasa mini kusurwa? Ka ce ya toshe kafin ruwa ya sauka.”

Daga bakin ƙofa Baba ya ce, “Ka ce an ji.”

Leburorin da aka ɗauko rushewa su suka kwaɓa ƙasa washegari. Baba mutum ne mai awo, ba ya yanka yadi sai ya gwada, don haka ya aro ma'aunin zafi irin na bango yau ya rataya a soro, gobe ya rataya a ɗakin kwano, ya sa ni in riƙa dubawa da azahar. Ban riƙe lambobin ba, kuma ba halina ba ne in ƙirƙira, amma na tuna tazarar jan layin ta kai gaɓar yatsa. Ya sa aka yi wa ɗakin silin, aka fasa taga ta biyu tana kallon ta farko, aka shafe bangon waje da farar ƙasa, ya dasa darbejiya ta yamma da shi. Daga nan fanka ta sami hutu, faifan mita ya koma tafiyar hawainiya. Ni da ƙannena aka ba ɗakin. Kaka ta zauna a soronta har ƙarshen ranta, bayan shekaru masu yawa.

Yau na yi ritaya bayan na bauta wa gwamnati iyakar ƙarfina, ina zaune a gidan da na gina da gumina, mai faɗin gilashi da na'urar sanyaya ɗaki a kowane lungu. 'Yata, wadda ta karanci aikin injiniya, sana'arta ke nan auna wutar da gine-gine suke sha da hayaƙin da ake fitarwa saboda su, tun daga tandar da ake gasa siminti har zuwa janareton da ke ruri a bayan gida. Ta ce wannan hayaƙi yana cikin abin da ke ƙara wa duniya zafi, gidana kuma ba ya cikin masu ci kaɗan. Mu da muka yi karatu lokacin da malami yake malami ba mu saba yaro ya gyara mana magana ba, amma a nan ban yi musu ba. Unguwar Kanawa ta cika da benaye, da wuya ka ga bangon ƙasa, kuma idan aka ɗauke wuta a watan Afrilu sai ka ga manya da yara sun fito ƙofar gida suna neman inuwar da babu wanda ya dasa. Ni ma nakan ja kujerata in bi sahu. Mun iya sayen sanyi, amma mun manta yadda ake gina shi.