Kwanson Mai Allura

Iya ta tsufa da tsintsiya a hannu, kuma duk laifin bishiya ɗaya ne. Mijinta, wanda kowa ke kira Malam, ya yi aiki a gandun daji har ƙarfinsa ya ƙare, yana renon ƙananan itatuwa a baƙaƙen ledoji. Shekarar da ta tare ya shigo da wani ɗan dashe da bai fi tsawon ludayi ba, ya kafa shi a tsakar gida. Ita ta ɗauka abin marmari ne. Ta yi ta ba shi ruwa tana jiran fure, har bishiyar ta wuce rufin ɗaki, shiru kake ji.

"Ai ba ta fure," in ji Malam. "Irin waɗannan kwanso suke yi. Irinsu a tsirara yake tsakanin ɓawo da ɓawo, babu naman da ya rufe shi."

"To, Malam, me za a ci a jikinta?"

"Ba ta ci ba ce."

Tun daga ranar ta toshe kunne. Ganyen bishiyar siriri ne mai tsini, shi ya sa yara suka sa mata Mai Allura. Rani da damina kore take shar, ba ta taɓa tuɓewa gaba ɗaya a huta ba, sai dai kullum ta zubo da tsofaffin allurai kaɗan-kaɗan, kamar da gayya. A shanya allura, a magudana allura, wani lokaci har a tukunya. Ko barkono bai yarda ya tsiro a ƙarƙashinta ba. Danƙonta in ya kama rigar yaro, sabulu sai ya ƙare bai fita ba. Malam kuwa sai ya shimfiɗa tabarma a gindinta, ya ɗauki kwanso yana juyawa, yana bayanin yadda ƙanana ke sakin wani gari rawaya iska ta kai wa manya, da yadda kwanson ke tsukewa in da danshi, ya buɗe in an yi rana. Iya takan ce, "Ɗaga ƙafarka, shara nake."

Bayan rasuwarsa sharar ta ƙara nauyi. Bayanta ya riƙe, gwiwa ta ƙi, bishiya ba ta san an yi mutuwa ba.

Rannan babban ɗanta, direba, ya durƙusa a ƙofar ɗakinta. Ya ce saiwa ta tsaga katanga, ga yara sun girma ana bukatar ƙarin ɗaki. "Iya, in kin yarda a sare ta."

Abin da ta daɗe tana roƙo ke nan, amma da ya zo sai ta kasa murna. Gaskiya ba ta son bishiyar. Tana dai son a ce wani abu na Malam yana nan da rai. Ta ce a sare, amma a bari ta ɗebi iri tukuna, ta shuka a bayan gida inda ba zai dami kowa ba.

Ta bi ƙasa tana tsintar kwanson da suka faɗo, tana zaɓen manya, busassu, waɗanda suka buɗe sosai. Duk wanda ya san girki ya san nunanne shi ake ɗauka. Ta cika buhu. Da masu injin yanka suka kayar da bishiyar, rassan cike suke da wasu kwanson a tsuke, masu nauyi, masu danƙo. Ta dube su ta ce ɗanyu ne, a haɗa da itacen a tafi da su. Sannan ta share tsakar gidan tas, mai kwasar shara ya tura baronsa ya wuce.

Bayan 'yan kwanaki Dogo ya leƙo gaisuwa. Tsohon abokin aikin Malam ne, shi ma yanzu sai da sanda. Iya ta jawo buhun gabansa, har da ɗan alfahari.

"Dogo, ga irin abokinka na ajiye. Yaushe ake shukawa?"

Ya ɗauki ɗaya ya buga a tafin hannunsa. Ya ɗauki wani ya buga. Ba abin da ya faɗo.

"Matar Malam, wanda ya buɗe ai ya riga ya zubar. Tsukakkun ake tsinkowa a shanya, su buɗe a gabanka. Ina na jikin rassan?"

Ta gaya masa. Ya ce, "Allah Sarki."

"Wai shi irin yaya yake ne?"

"Ɗan mitsitsi ne, da fiffike ɗaya a jikinsa, kamar na gara. Iska yake bi, yana juyawa har ya sauka."

Iya ta san shi, ta ma fi kowa saninsa. Duk rani yana cika mata tsakar gida, yana liƙewa a tsintsiya, ita kuma tana tsaki tana kai shi bola.

Da Dogo ya tafi, matar ɗanta ta fito da bokiti tana cewa yanzu kam Iya ta huta da shara. Iya ta dafa bango ta miƙe, ta ɗauko tsohuwar tsintsiyarta daga bayan ƙofa, ta zauna a kan kututturen da aka bari. Ta kwance igiyar, ta baza tsinkayen a cinyarta, ta fara duba su ɗaya bayan ɗaya.