Ranar da Hannun Sau-ɗaya Ya Yi Rawa

Mijina ba ya son a tambaye shi aikinsa. In baƙo ya matsa, sai ya ce a mayanka yake, ya ja bakinsa, ya bar mutum ya ɗauka mahauci ne. Ba mahauci ba ne, ko albasa ban taɓa ganin ya yanka ba. Shi ne mai sumarwa. Kafin a yanka saniya ana shigar da ita wani akurkin ƙarfe daidai jikinta, shi kuma yana tsaye a kan dakali riƙe da bindigar iska. Ba ta da harsashi, wani ƙarfe ne ke dukan goshi, saniya ta zube sumammiya, a ɗaura mata sarƙa a ƙafa a ɗaga ta, mai wuƙa ya yi aikinsa ba ta san abin da ake ciki ba. In an dace ke nan. In hannu ya kauce ko da kaɗan ne, sai ta farfaɗo a rataye, kai ƙasa, tana kallon wuƙa.

A wurin aiki Sau-ɗaya suke ce masa, don ba ya harbi biyu. A garke ya fara tun yana saurayi, yana koro shanu, kuma a can na fara ganinsa ya ci kwalar wani ƙato a kan murɗa jelar maraƙi. Na ce a raina wannan ko dai mahaukaci ne ko mijin aure. Har yau ban gama tantancewa ba. Da aka ba shi bindiga sai ya zo da wata al'ada tasa: in saniya ta faɗi, sai ya sauko daga dakali ya taɓa ƙwayar idonta da yatsa. In ta ƙifta, ba ta tafi ba, kuma babu mai taɓa sarƙa sai ya ɗaga kai.

Ni kuma a ɗakin wankin kayan ciki nake, bango ɗaya ne tsakaninmu. Ba na ganinsa, amma ina jin bindigar, tuf, sai faɗuwa, sai ƙarar sarƙa. Na san wannan sautin kamar yadda uwa ta san tarin ɗanta. Mai wuƙar da ke tsaye ƙarƙashin sarƙar kuwa ƙanensa ne, Auta, wanda ya goya bayan rasuwar iyayensu. Auta mai bakin tsiya, kullum sai ya leƙo ya ce matar Yaya, yau ma turaren tumbi kika fesa? Ni kuma in watsa masa ruwan tiyo.

A gida na fara lura. Shayi ya zube masa a gwiwa, ya ce kofin ne da zafi. Maɓallin riga ya gagare shi, ya zagi tela. Sai na koma zuba masa rabin kofi, ko ruwa ko shayi. Ya gani, muka ci gaba da yi wa juna wannan ƙaryar cikin ladabi.

Sai wata safiya, hannuna cikin hanji, na ji tuf, tuf. Matan ɗakin babu wadda ta ɗago, amma na san sun ji. Bayan kwana kaɗan na sake ji, daga nan abin ya zama na kullum.

Kowa ya ɗora wa bindiga laifi, kuma ba ƙarya ce zalla ba. Injin da ke ba ta iska ya tsufa, manaja kullum sai ya ce gobe. Shi ne kuma ya ƙara wa layin yanka gudu, ya raba wa masu koro sandar lantarki, shanu suna shigowa akurki a firgice suna wurgi da kai. Har ya hana saukowa taɓa ido, wai layi ba ya jiran gaisuwa. Na tsani mutumin nan har cikin raina, amma na san ba shi ke zubar da shayi a gidana ba.

Na tare mijina wata yamma yana cire takalmin roba. Na ce bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, ya je asibiti, ko ya nemi a canja masa wuri. Ya ce in ya sauka wa za a ɗora, waɗannan masu harbi suna hira? Na ce to Auta fa, da ke tsaye ƙarƙashin abin da kake aiko masa? Ya ture takalmin gefe.

"Ki bar ni da aikina," ya ce. Ya tusa hannun dama cikin aljihu ya fita.

Ranar da abin ya faru wani jan bijimi ne, tun daga garke nake jin ihun masu koro da tartsatsin sanda. Tuf. Shiru. Tuf. Sai faɗuwa, sai muryar manaja yana cewa a ɗaga, a ɗaga. Sarƙa ta tashi. Sannan na ji kukan da ban taɓa ji daga wancan ɓangaren ba, kukan bijimi mai rai.

Ban san lokacin da na zagaya ba. Bijimin na rataye da ƙafa ɗaya, idonsa a buɗe yana juyawa, yana harbin iska da sauran ƙafafun. Auta na kwance jikin magudana, wuƙarsa ta tsarge masa dantse, jini na bin ruwa. Likitar dabbobi, wadda hukuma ta ajiye don duba aikin, ta danna maɓallin tsayar da layi. Mijina ya sauko da bindiga. Kowa na kallo bakinta na rawa a gaban goshin nan. Ya kai, ya janye, ya kai, ya janye, bijimin yana ta kuka. Sai da ya tallafe hannun dama da na hagu sannan ya samu. Ya durƙusa ya taɓa idon, ya daɗe bai tashi ba.

Da rana likitar ta tara su a ofishinta, ni ina bakin ƙofa, babu wanda ya kore ni. Ma'aikata sun riga sun haɗa baki. Ɗaya bayan ɗaya suka ce iskar bindiga ce ta yi ƙasa. Auta, da aka dawo da shi daga ɗinki fuskarsa fara fat, ya ce shi da kunnensa ya ji bindigar ta yi sanyi. Manaja na ta share gumi. Wallahi na so a bar shi a haka, na so ƙwarai. Likitar ta juya ga mijina ta ce, Baba, kai ke riƙe da ita, me ka gani?

Bai dube ta ba, ni ya duba.

"Kawo min ruwa," ya ce. "Ki cika."

Na tsaya. Auta ya ce, Yaya, don Allah. Ya sake cewa in cika. Na je famfo na cika kofin har baki, na kawo da hannu biyu, ko ɗigo bai zuba ba. Ya karɓa da dama ya miƙe hannun a gabansu. Ruwan ya fara kaɗawa, ya bi yatsunsa, ya bi hannun riga, yana ɗiga a kan siminti.

"Injin a gyara shi, sandunan nan a kwashe su," ya ce. "Amma na yau ba bindiga ba ce."

A ranar ya miƙa bindigar. Layin bai sake tashi ba sai da aka kawo sabon inji, shi kuma aka mayar da shi garke inda ya fara, yana tafe gaban shanu ba sanda. Auta ya warke, sai dai yatsunsa biyu ba sa lanƙwasuwa, kuma ya daina leƙowa ɗakinmu da tsiyarsa.

Yammar da muka dawo gida na dafa shayi, hannuna ya tsaya a rabin kofi kamar yadda ya saba. Ya turo min shi.

"Cika," ya ce. "Wa kuma ya rage mu ɓoye wa?"