Baba Sau-Ɗaya, Mai Ɗakin Hoton Ƙashi

Kafin masu shara su gama goge barandar asibiti, Baba Sau-Ɗaya ya riga ya buɗe ɗakinsa. Ɗakin hoton ƙashi ne, can ƙarshen baranda, mai ƙofa mai nauyi da jan ƙwan lantarki a samanta. Zai fara maƙala ɗan bajon nan a ƙirji, wanda ke auna hasken na'ura da ya taɓa jikinsa. Sai ya kunna jan ƙwan, ya fito waje ya ga ko ya kama. Daga nan ya bi rigunan darma da ke rataye a bango, yana shafa kowace da tafin hannu kamar mai duba yadi kafin ya saya. Sai ya gama wannan zai leƙo ya ce, "Wa ke gaba?"

A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Ni tela ne, rubutuna bai wuce na awon mutane ba, amma ba zan bari ya tafi shiru ba.

Sunan nan da farko ba yabo ba ne. Masu jira a benci ne suka laƙaba masa don haushi. Sai ya daɗe yana gyara wa mutum kwanciya, yana matse fitilar na'ura har haskenta ya tsaya daidai kan gwiwar da ake so, bai wuce ba. Wani direba ya taɓa ce masa, "Baba, wai hoton aure za ka ɗauke ni ne?" Ya ce, "Na aure in bai yi kyau ba a sake. Wannan ba na son sakewa." Kowace sakewa ƙarin haske ce a jikin mutum, shi kuwa ba ya yi wa kowa ƙari. Wata nas da ta daɗe tare da shi ta gaya mini bai taɓa tambayar mace ko tana da juna biyu a gaban jama'a ba. Sai ya sallami maza waje tukuna, amma kuma bai taɓa tsallake tambayar ba, komai tsawon layi.

Na san shi ne lokacin da 'yata, tana shekara huɗu, ta faɗo daga matakala ta karye a cinya. Aka ɗaure ƙafar. Bayan wasu makonni likita ya ce a sake hoto, a ga ko ƙashin yana haɗewa a miƙe. A shago kuwa masu kawo ɗinki sun cika mini kunne: wannan ya ce hasken yana busar da ɓargon yara, waccan ta ce yana hana haihuwa. Da layi ya zo kanmu na ga jan ƙwan nan, sai na saɓa yarinyar a kafaɗa na juya.

"Baban yarinya, ina zuwa?" in ji Baba daga bakin ƙofa.

"Gida, Baba. An riga an haska ta ranar da ta karye. An ce abin nan cutarwa yake."

Bai yi mini dariya ba. Ya zauna a benci, ya nuna mini kusa da shi. "Ba abin wasa ba ne, shi ya sa ka ga ƙofata da nauyi. Amma abin da zan ba ta kaɗan ne ƙwarai, kuma a cinya kaɗai. In ba a duba ba, ƙashin ya haɗe a karkace, da ɗingishi za ta girma. Ka taimake ni mu yi sau ɗaya."

Uwar yarinyar ta miƙe za ta shiga ta riƙe ta. Ya dubi cikinta da ya fara fitowa, ya ce, "Ke kam yau hutu kike. Maigida zai yi aikin." Ya sa mini rigar darma mai nauyin tsiya, ya ɗaure mini ta baya. Yarinyar kuma ya nuna mata hoton wani tsuntsu da ya manna a rufin ɗaki. "Ƙawata, tsuntsun nan yakan ƙifta ido in ba a kallonsa. Tsare mini shi." Ta kwanta cik, ta kafa masa ido.

Ya shiga bayan gilashi. Na jira ƙarar na'ura, ban ji ba. Sai ga shi ya fito.

"Ƙawata ta tsaya. Kai ne kake kaɗa mini ita."

"Hannun ne ya ƙi, Baba."

"Wane aiki kake yi da shi?"

"Ɗinki."

"In za ka zura zare a allura, haka yake rawa?"

"A'a."

"To zura mini ɗaya."

Na ƙura wa idon sawun yarinyar ido, na ɗauke numfashi yadda nake yi kullum a gaban keken ɗinki. Hannun ya tsaya. Na'ura ta yi ɗan ƙara, shi ke nan.

Don nuna godiya na tuɓe rigar, na ninke ta gida huɗu, tsaf, yadda ake miƙa wa mai kaya ɗinkinsa. Baba ya riƙe baki. "Tela, za ka kashe mini riga." Ashe darmar da ke ciki tsagewa take a wurin ninki, in ta tsage kuma haske ya sami hanya zuwa jikin wanda zai sa ta gobe. Ya warware ta a hankali ya rataye. Yarinyar tana ta dariya, wai an yi wa babanta faɗa.

Ƙashin ya haɗe a miƙe. Yau tana sakandare, da gudu take hawa matakala. Har yanzu in ta wuce nakan bi ƙafafunta da kallo, uwarta tana cewa in bar yarinya ta sha iska.

Baba, kai ne ka tsare mu daga abin da ba ma gani, ka kuma tsare 'yata daga tsorona. Kai ne ka yarda a yi maka gunaguni a benci, da dai a haska mutum sau biyu. Na gode, uwar yarinyar ta gode. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya tsare maka naka.

Ku matasan da za su gaji ɗakin nan, ku gaji haƙurinsa tare da makullin. Ku matse fitila, ku yi tambayar, ku zauna a benci da uban da ya tsorata. Mu iyaye kuma, in an ce mu jira, mu jira.

Na ɗinka masa riga ta ranar sallama. Jiya na kai masa, a rataye, tun daga shago har ƙarshen baranda. Ya karɓa, ya shafa ta da tafin hannu, ya juya ta gaba da baya.

"Ba ninki ko ɗaya," ya ce. "Tela, ka ƙware."